Wanda Ba Ya Wuce Surukinsa

Mun tashi daga Tanut da asuba, ana sallame salla muka shiga mota, domin tun jiya na faɗa wa direba cewa wanda bai zo a kan lokaci ba a bar shi, ko da ni ne. Mu uku ne: ni, da direba, da wani ɗan kwamitin wasanni da aka haɗa ni da shi don ya zama shaida. Kafin mu fita daga gari ya yi barci.

Bari in fara da dalilin tafiyar, don komai ya zauna a wurinsa. Ana yin wani gudun fanfalaki a Damagaram, irin mai nisan nan da ake kira maraton, kuma bana an ba yankinmu kujera biyu a motar da za ta kai 'yan wasa: ɗaya ta mai gudu, ɗaya ta mai rakiya. Ta rakiya an riga an ce tawa ce, har na kai babbar rigata wanki da guga. Ta mai gudu ita ce rigima. Ƙungiyoyi biyu ke nemanta, ta Belbeji da ta Gangara, kuma kusan duk wanda ke cikin kwamiti yana da ɗan wa ko ɗan ƙanwa a ɗaya daga cikinsu. Ni ba ni da kowa. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal, wato firamare, ba, amma na tsufa ina tsaron layin motoci a tasha, kuma ba a taɓa jin na bar wata mota ta tsallake 'yar'uwarta ba. Shi ya sa aka ce in je in gani da idona, in dawo da suna ɗaya.

Mun bi kwalta ta kudu har rana ta fito, sannan muka saki hanya muka yi yamma cikin rairayi. Lokacin kaka ne. Ko'ina dammunan hatsi a jingine, amalanken jakuna na kai da kawowa, mata na sussuka a bakin rumbuna. Hatsi ya ɗan sauka a tiya, amma asansi, man motar da ake sayarwa a kwalabe kuwa, da zarar ka bar kwalta sai ya hau, kamar shi ma rairayin ke ba shi wahala. Sau biyu mota ta kafe muka sauka turi, karangiya ta cika mana ƙafar wando. Shaida ya tura da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ledar ƙosai.

Gangara ce a kan hanya kafin Belbeji, amma na ce wa direba ya wuce. Ya ce, “Baba, ga garin nan a gabanmu, mu gama da su mana?” Na ce mutanen Belbeji su suka fara neman kujerar, saboda haka su za a fara gani. Muka ratsa Gangara mutane na ɗaga mana hannu, muka ci gaba.

Mun isa Belbeji da hantsi. Mai horar da ƙungiyar can tsohon malamin motsa jiki ne, kowa Mushe yake kiransa, wato malam da Faransanci. Yana da usur a wuya, agogo a kowane hannu, da waya cike da hotunan 'yan gudun Habasha da Kenya. Kafin a ba mu ruwa ya zaunar da ni ya nuna mini su. Ya ce waɗannan mutane a kan duwatsu suke horo, shi ya sa ba a kama su. Tun da Belbeji ba ta da irin dutsen, sai ya samo wani tudun rairayi a bayan gari, yaransa na hawa suna sauka har la'asar. Na je na gani. Rigunansu iri ɗaya, usur ke tayar da su, usur ke tsayar da su. Gaskiya abin ya burge ni. Gwaninsu wani dogon saurayi ne, ana ce masa Dogo, yana gudu yana duban agogonsa, har ya kusa karo da akuya.

Mushe ya ce, “Alhaji, kai dai ka kwatanta. Bara da waccan mun je Damagaram, yarana sun ƙare a tsakiyar jama'a, Dogo ma a sahun gaba-gaba. Su kuwa 'yan Gangara mutum biyu suka je bara, suka iso ana kwashe kujeru. Me ya rage a duba?”

Na ce abin da ya rage shi ne Gangara, tun da ban gan ta ba tukuna.

Da yamma muka shiga kasuwa na sayi cuku na kai wa iyali. Mai cukun, wani dattijo makiyayi daga cikin kwarin Tarka, da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce 'ya'yansa na bin raƙumi a guje tun safe har azahar, babu ɗan birnin da zai gan su. Na ce to ya kawo ɗaya gobe a gwada shi. Ya tambaye ni me ya ɓata. Na ce babu abin da ya ɓata, gudu ne kawai. Ya dube ni, ya dubi shaida, ya gyara rawaninsa ya ci gaba da jera cukunsa. Daga nan na cire Tarka daga lissafi.

Washegari muka ɗauki Mushe da Dogo da wasu yaransa biyu muka koma Gangara, domin na yanke cewa magana ba ta raba gardamar gudu, sai an haɗa su a hanya ɗaya.

Shugaban 'yan gudun Gangara tsohon soja ne, ana kiransa Sajan. Gemunsa ya yi fari, gwiwoyinsa a ɗaure da tsumma, ga wata 'yar gora rataye a ƙugunsa. A ciki akwai jiƙon saiwoyi da ya ce tun yana bariki yake sha, in babu shi gwiwarsa kullewa take yi. Ba shi da usur, ba shi da agogo. Da la'asar ya fito bakin rijiya ya yi gyaran murya, sai ga mutanensa sun jeru a bayansa, babba a gaba, ƙarami a baya. Suka tashi a haka, suka zaga gonaki a haka. Tun da na bar tasha ban ga layi mai kyau irin wannan ba, har na ji zuciyata ta karkata.

Na hau kabu-kabu na bi su. Da tafiya ta yi nisa na baya suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mutum biyu: Sajan a gaba yana huci kamar zugazugin maƙeri, sai wani siririn mutum a bayansa, ba takalmi a ƙafarsa, ya riƙe su a hannu, kansa a sunkuye. Wannan na bayan bakinsa a rufe yake. Na ga ya tsaya ya cire karangiya daga dunduniyarsa a natse, ya ɗaga wa wani manomi hannu, sannan cikin ƙiftawa ya koma daidai inda yake a bayan tsoho, ya rage gudu. Na yi shekaru ina ganin mota mai lafiya tana bin bayan tsohuwar akori-kura a hanyar da babu wurin wucewa. Haka abin yake.

Na tambayi mai kabu-kabu ko wane ne. Ya ce Ilu ne, manomi, kuma shi ke auren 'yar Sajan ta fari. Ya ƙara da cewa a garin “Wutsiyar Sajan” ake kiransa. Su biyun ne suka je Damagaram bara.

Da muka dawo na tsaya shan fura a bakin kasuwa. Mai furar ta dama mini da nono mai kauri, ta miƙo ludayi, sannan ta tsaya a kaina.

“Baba, kai ne mai zaɓen?”

Na ce ni ne.

“Ni ce matar Ilu. Ka ga mutumin nan? Ranar da ɗanmu ya yi zazzaɓi, a ƙafa ya je garin likita ya dawo da magani kafin in sauke tukunya. Amma yau in na je rijiya sai in ji ana cewa ga matar wutsiya. Yaran da ya koya wa ɗaura takalmi su ke yi masa dariya. Shi ba zai yi magana ba, tsohona kuma ba zai sauka ba. In aka sake ba Belbeji kujerar nan, sunan ya zauna masa har kabari.”

Na ce ni ba na zaɓe da labari, sai abin da na gani.

Ta ce, “To ka gani ɗin. Ƙara sukari?”

Na ɗauki maganar bi da bi. Na farko, na kira Ilu gefe na tambaye shi ko zai iya wuce Sajan. Ya durƙusa, ya ce, “Baba, in wuce Baba? In ba shi ƙeya, in watsa masa ƙasa? Mutumin da ya ba ni 'yarsa? Ko abinci ba na ci a gabansa.” Na ce tsere ne, ba zaman gida ba. Ya ce a tsere ma surukinsa ne.

Na biyu, na sami Sajan na roƙe shi ya zauna gobe ya huta, yara su yi. Ya miƙe tsaye kamar an kira fareti. “Soja ba ya kallo daga inuwa. Kuma ni ban taɓa hana mijin yarinya wucewa ba. Hanya ta Allah ce, ga ta nan da faɗi.” Ilu na tsugune nesa kaɗan yana jin wannan, ya ƙara sunkuyar da kai.

Na uku, na yi dabara kafin magariba. Na ce Ilu ya tashi shi kaɗai, sai ya ɓace wa gani sannan Sajan ya biyo. Ya tashi kuwa kamar barewa. Da muka bi sawu muka same shi tsugune gindin wata magarya, takalma a hannu, yana jira. Sajan ya wuce, Ilu ya ce masa sannu da zuwa Baba, ya bi bayansa. Mushe ya yi dariya har usur ɗinsa ya yi ƙara shi kaɗai.

Muka kwana gidan maigari, aka yi mana tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu. Shaida ya ci nasa, ya taimaki Dogo da nasa.

Da safe na tara kowa a bakin rijiya na faɗi doka, kuma na faɗe ta sau biyu. Direba zai wuce da mota, ya tsaya can gindin wani babban gawo a kan hanyar Belbeji, inda kowa ya sani. Daga rijiya za a tashi. Wanda ya fara taɓa motar da hannunsa, sunansa zan kai Tanut. Mushe ya ce ya yarda. Sajan ya ce ya yarda.

Direba na shirin tashi sai ga matar Ilu da ƙunshi a cikin zane. Ta ce, “Baba, kayan tsohona ne, a sa a mota.” Ni kuwa aikina ke nan tun ina saurayi: a ba ni kaya, in sa a mota. Ban tambayi abin da ke ciki ba. Na ajiye a kujerar gaba kusa da shaida, wanda na tura tare da direba don ya ga wanda zai fara isowa. Mota ta tafi.

An jeru za a tashi, Sajan ya shafa ƙugunsa. Ya sake shafawa.

“Ke! Ina gorata?”

“Na cika maka ita, Baba, na sa a mota don kada ta yi maka nauyi.”

Ya dube ta, ta dubi ƙasa. Jama'a sun taru, yara sun hau katanga, babu damar fasawa. Ya ce, “A busa.” Mushe ya busa.

'Yan Belbeji suka fita kamar an kunce 'yan maruƙa. 'Yan Gangara suka bi a layinsu na kullum, ni da mai kabu-kabu muna gefe. Rana ta ɗaga, rairayi ya fara zafi. Kafin a yi rabin hanya rigunan Belbeji sun zama ɗigo uku can gaba, layin Gangara kuma ya koma mutum biyu kamar jiya. Na dubi Ilu, ko gumi bai yi ba. Idonsa ne kawai yakan ɗaga ya dubi ɗigon nan, ya mayar ƙasa. Raina ya ɓaci, domin na san sunan da zan kai, kuma na san ba shi ne daidai ba. Amma doka ni na faɗe ta.

Muna isa wata aduwa Sajan ya fara ɗingishi. Ya ja ƙafa zuwa inuwa ya zauna, ya kama gwiwa da hannu biyu. Ilu ya tsugunna a bayansa. Na sauka na miƙa wa tsoho ruwan da ke hannuna, ya ture.

Ya daɗe yana huci. Ya dubi hanya, inda 'yan Belbeji suka kusa ɓacewa. Sannan ya juya ya fuskanci kututturen aduwa, domin ba ya duban surukinsa ido da ido, ya ce:

“A gaya wa mijin yarinya ya je mota ya karɓo mini gorata. Kada ya tsaya gaisuwa.”

Ilu ya ce, “To, Baba.” Ya ja da baya a tsugune, ya zagaya ta bayan itace, ya sa takalmansa. Wannan ne karo na farko da na gan su a ƙafarsa.

Abin da ya biyo baya, mai kabu-kabu ne shaidata. Na ce masa ya bi shi, ya ce yana bi. Na ce ya ƙara wuta, ya ce rairayi ne, Baba, babur ba ɗan Gangara ba ne. Ilu bai bi ma sawun motoci ba inda ya yi laushi, sai ya hau gefen gona inda ƙasa ke da ƙarfi, yana tsallake kututturan kara. Ya cim ma yaron Belbeji na farko ya wuce. Ya cim ma na biyu, wanda ya tsaya riƙe da ciki, ya wuce. Wata tsohuwa a kan jaki ta yi masa sannu, bai amsa ba, ta juyo ta tambaye mu ko gobara ake yi.

Gawo ya bayyana, ga mota a gindinsa, ga Dogo a gaba yana duban agogo. Ilu ya zo ta damarsa ya ce, “Gafara, an aike ni,” ya wuce. Dogo ya dubi agogon hannunsa, ya dubi bayan Ilu, ya sake duban agogo.

Da ƙyar muka iso tare da Ilu. Ya kama ƙofar mota ya buɗe, shaida ya farka a firgice yana salati, Ilu ya ɗauki ƙunshin ya zare gora, ya rufe ƙofa a hankali, ya juya ya kama hanyar da ya fito. Ya yi kiciɓis da Dogo yana isowa, ya ce masa sannu da ƙoƙari. Direba na ta kiransa yana cewa ka ci, ka ci, ko waiwaye bai yi ba.

Mushe ya iso a bayan wani babur, ya sauka tun bai tsaya ba.

“Alhaji, wannan ba tsere ba ne! Aike ne! Bai tsaya ba, bai ma san ya ci ba!”

Na ce masa mu bi abin daki-daki. Na ce wanda ya fara taɓa mota, ko ban ce ba? Ya ce na ce. Ya taɓa, ko bai taɓa ba? Ya ce ai buɗe ƙofa ya yi. Na ce da ƙafa ya buɗe? Na tambayi shaida abin da ya gani, ya ce shi dai ya ga an buɗe ƙofa an ɗauki kaya, kuma ba Dogo ba ne. Ban taɓa jin daɗin shaidarsa ba sai ran nan. Na ce wa Mushe a tasha motar da ta fara shigowa ita ce a kan layi, ko da direbanta shayi ya zo sha. Dogo da kansa, yana zaune a ƙasa yana cire karangiya, ya ce, “Mushe, bar shi. Ni iska kawai na ji.”

Muka juya da mota. A gindin aduwa muka tarar da Sajan yana kurɓar jiƙonsa, Ilu tsugune a bayansa, takalma sun koma hannu. Na faɗi hukunci a gaban kowa. Ilu ya ruɗe, ya ce shi bai wuce Baba ba, wallahi aikensa aka yi. Sajan ya ce wa aduwa, “An sani.”

Aka sa tsoho a gaban mota. Ina taimaka masa ya hau, na lura gwiwar da ta kulle ɗazu ta lanƙwashe lafiya lau. Ya ga na gani. Ya jawo ni kusa ya rage murya.

“Alhaji, a Damagaram akwai manya da yawa a hanya. Yaron nan in ya ga furfura zai rage gudu. Sai an aike shi tun daga farko, kuma ba kowa ke aikensa ya tashi haka ba.”

Na ce kujera biyu ce kawai, ɗaya tasa, ɗaya ta mai rakiya.

Ya ce, “Na ji an faɗa.” Ya rufe gorarsa.

A Gangara kafin mu sauka labari ya riga mu. Matar Ilu ta kawo mana fura a ƙwarya babba, ta ƙi karɓar ko dala. Na ji wata mata ta buɗe baki ta ce matar wu, sai ta haɗiye sauran ta ce matar Ilu, a sa mini ta hamsin.

Mun mayar da Mushe da yaransa Belbeji, domin wanda ka ɗauko kai ke mayar da shi, sannan muka kamo hanyar gida. Mota ta kafe sau ɗaya. Mun shiga Tanut ana kiran la'asar, cukuna ya sha rana amma bai lalace ba.

Abin da tafiyar ta koya mini, na farko, sakamakon da aka kawo maka daga nesa yana faɗa maka wanda ya iso, ba ya faɗa maka wanda ke gabansa a hanya. Na biyu, na yi rayuwata ina hana mota tsallake layi, kuma ban yi nadama ba, amma ban taɓa tunanin cewa ta gaba na iya aiken ta baya ba.

Da kwamiti ya zauna na ba da sunan Ilu. Aka ce madalla, saura mai rakiya, kai ne. Na ce a rubuta Sajan. Aka yi ta tambayata dalili, na ce shi ke da gora. Babbar rigar da na kai guga kuwa na karɓo ta, na sa ta ranar Juma'a, na je tasha na tabbatar su biyun sun shiga mota a kan lokaci. Sajan a gaba, Ilu a baya.